Harbi Goma na Ƙarshe

Shekarun baya, wajen 2018, ina aikin kargo a kasuwar Murshid da ke Dubai, wata cuta ta kama ni wadda har yau ban warke ba: son tsofaffin ƙananan bindigogin nan da ake ce wa .22, masu ɗana kansu. Ka ja kunama ta tashi, ta tofar da kwanso, ta ɗauko wani harsashin da kanta. Ba wanda ya koya min. Bidiyo ne kawai da karance-karance a waya. Ina naɗe kwalayen atamfa da salatif, amma kaina yana can cikin ƙarfen da aka ƙera tun kafin a haifi babana.

Mu shida ne a ɗaki ɗaya a unguwar Muraqqabat, kuma duk na ishe su. Wanda ya fi shan wahalata abokina ne, ɗan Maraɗi, gadonsa na ƙasan nawa. Da na fara bayani sai ya ja bargo ya ce, "Mon frère, kai da ko danƙo ba ka mallaka ba, me ya haɗa ka da tarihin bindiga? Khalas, ka bar mu mu ji da zafin garin nan."

Gaskiyarsa ce. Baƙo irina ba ya mallakar bindiga a Dubai. Sai dai akwai kulob na harbi a bayan gari, ka nuna katinka, a ba ka aro, ka harba takarda ka tafi. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci, jirgin metiro da tasi, ina can.

A nan na haɗu da dattijon. Ɗan ƙasa ne, ya haura saba'in, yana da lasisi, bindigarsa kuma a kulob ɗin ake ajiye masa. Ranar da na gan ta a hannunsa tsayawa na yi kamar an dasa ni. Katakon ya yi duhu ya yi santsi, wurin da kunci ke kwanciya har ya koɗe. Ban san lokacin da na fara zuba ba, da gurguwar Larabcina da Turanci, ina gaya masa shekarun da aka yi irinta da yadda cikinta ke aiki. Shi da kayansa! Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya yi murmushi ya ce, "Shwaiya shwaiya, ya waladi," wato sannu-sannu ɗana. "Ta mahaifina ce. Zo ka riƙe."

Daga ranar na zama ɗan gida. Ina kiransa Baba, yana amsawa. Ya harba goma, ya ba ni in harba goma. In mun gama mu shiga ɗakin goge-goge, ni in wanke ta, don waɗannan ƙananan harsasan akwai barin dauɗa, shi kuma ya tafi alwalar la'asar ya bar ni in sa ta a akwati.

To a nan matsalar take.

Marigayi babana mafarauci ne, yana da bindiga mai baki ɗaya. Duk ranar da ya dawo daga daji sai ya buɗe ta ya tabbatar ba komai a ciki, ya juya bakin ƙasa, ya ja kunamar, ƙas! Sannan ya rataye. Yana cewa ita ma ta yi aiki, ba a barin ta ta kwana a ɗane. Da wannan ƙas ɗin na tashi. In muka ji shi mun san Baba ya dawo lafiya, za a zuba tuwo. Shi ya sa duk Juma'a kafin in rufe akwatin dattijo sai na yi mata ƙas. Kuma in faɗi gaskiya, ba sau ɗaya ba. Sautin daɗi yake min, sai in ɗana in ƙara, in sake ƙarawa. A raina wai gata nake mata.

Wata Juma'a dattijo ya gaya min idonsa ya ƙi. Likita ya yi iyakar yinsa, ga lasisi zai ƙare ƙarshen wata, ba zai sabunta ba. Bindigar za a kashe ta yadda ba za ta sake tashi ba, a sa ta cikin gilashi a kulob. "Juma'a biyu suka rage min, ta yau da mai zuwa," in ji shi. "Ta ƙarshen ina son in harba goma cif, ba tsayawa, kamar yadda mahaifina ya koya min."

Ranar nan kuwa bindigar ta fara cijewa. Harbi biyu, kwanso ya maƙale. A zaro da ƙyar, a ƙara ɗaya, ya sake maƙalewa. Dattijo ya shafa katakon ya ce, "Ta tsufa, kamar mai ita." Yana dariya, amma na ga yadda ya daɗe bai ɗauke hannunsa daga kanta ba.

A metiro na fara bincike a waya. Kafin mu iso tashar Rigga na gano. Ita wannan irin, allurarta gefen gindin harsashi take sara, ba tsakiya ba. In ba harsashi a ciki, sai ta sari ƙarfen bakin ramin da harsashin ke shiga. A hankali wurin ya lotsa, ya yi ɗan tudu, ya dinga riƙe kwanso. Abin da kowane bidiyo ke faɗa a minti na farko ke nan, ni kuma gwani kullum sai in tsallake zuwa wurin tarihi.

Na samu abokina yana dafa shayi na zayyana masa. Ya ajiye buta ya ce, "C'est grave, abin babba ne. Ya san kai ne?"

Na ce a'a, shi tsufa ya ɗora wa laifin.

"To kana iya yin shiru. Shi ya tafi da cewa bindigar ubansa ta mutu da kanta, kai kuma ka ci gaba da ba mu lacca." Ya miƙo min kofi. "Amma ni a ƙasanka nake kwana, na san juyin da za ka dinga yi. Ka taimake ni ka je ka faɗa masa."

Ban iya jiran Juma'a ba, don in an kai Juma'a ba lokacin gyara. Washegari na kira shi. Na shirya jawabi mai tsawo, amma da ya ɗauka abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, ba tsufa ba ne. Ni ne." Na gaya masa komai, har da ƙarin da nake yi don daɗin sauti.

Ya ce, "Wa ya koya maka haka?"

Na ce babana.

"Yana raye?"

Na ce Allah ya yi masa rasuwa shekara huɗu ke nan.

"Allah yarhamuh," ya ce. "Gobe bayan aiki ka same ni a kulob."

Mai gyaran bindigogin kulob ɗin ya haska tocila ya nuna mana ɗan tudun, bai kai ƙwayar gero ba. Ya ce kada wanda ya kusance shi da zarto, akwai ɗan ƙarfen da ake murzawa a mayar da shi mazauninsa, amma sai ya aika an kawo. Ya kalle ni ta saman tabarau, kallon da ya fi zagi ciwo. Kwana huɗu na yi ina rubuta lambar kwali a inda ba nan ba.

Juma'a ta zo. Dattijo ya sa sabuwar kandura, farar jallabiyar nan tasu, ya zauna ya kwantar da kunci a wurin nan da ya koɗe. Ya ce, "Ita ba ta faɗa wa mutum in harsashi ya ƙare, sai ka ƙirga. Ƙirga min. Da yarenku."

Ɗaya. Biyu. A uku na riƙe numfashi, kwanso ya yi tsalle ya faɗi ƙasa. Huɗu, biyar. Da na ce goma ya ɗauke yatsansa. Takardar da aka jawo, ramukan sun watse ko'ina, uku ma ba su same ta ba. Bai ko tambaya ba.

Sai ya sunkuya ya lalubo kwanso ɗaya a ƙasa, ya mayar da shi cikin bindigar, ya miƙo min. "Yanzu allurar tana da abin sara," ya ce. "Babanka bai yi kuskure ba, bindigarsa ce daban. Yalla, sa ta ta huta."

Na juya bakin wajen takarda na ja. Ƙas.

Ban yi kuka ba, ƙurar wurin ce kawai ta shiga idona, cikin ɗaki mai esi.

Na so in taho da kwanson, abokina da ya rako ni ya buge min hannu ya ce in an kama ni da shi a filin jirgi shi bai taɓa ganina ba. Takardar dattijo ya ba ni, tana cikin akwatina har yau.

Har yanzu ina da zuba, abokina shaida ne. Amma na daina tsallake farkon bidiyo, kuma in aka ba ni amanar kayan wani, ina tambaya kafin in yi masa gata irin na gidanmu. Wani lokacin in na je kulob nakan tsaya gaban gilashin in dube ta. Mutane na wucewa, su tsohon ƙarfe suke gani. Ni kuwa na san wanda ya sa ta barcin ƙarshe, kuma na san iyaye biyu ne suka koya masa.