Tururuwar Doña Eufrosina

A ƙauyenmu da ke kwarin Mezkital, in ka ji tsaki ya tashi tun kaji ba su sauko ba, kada ka wahalar da bakinka da tambaya, Doña Eufrosina ce ta farka. Tsohuwa ce 'yar firit, busasshiya kamar karan masara, amma rainin da ke cikinta ya isa a raba wa gari guda kowa ya samu. Ta raina fadan coci, ta raina mai gari, ta raina mijinta har Allah ya karɓi abinsa, ranar jana'iza kuma ta dubi akwatin ta ce kafintan bai iya aiki ba.

Duk wannan jin kai a kan ƙwan tururuwa ne, wanda muke kira eskamol. In zafi ya fara shigowa wajen Maris, baƙar tururuwar dutse takan tara ƙwai farare tas kamar shinkafa a ƙarƙashin gindin magey, wani tsiro mai kaurin ganye da ƙaya. Mai ɗiba zai haƙa a hankali, ya kwashi nasa ya bar musu saura, ya mayar da busasshiyar ciyawa, ya rufe da dutse. In an yi da kyau, gida ɗaya sai ya ciyar da mutum har tsufansa. In an yi garaje, tururuwa su tattara su bar maka rami.

Eufrosina ta gaji gidajen tururuwarta daga uwarta, kuma a ganinta duk duniya ba wanda ya san inda suke. In za ta hau dutse sai ta fita ta gabas alhali yamma ta nufa, tana tafe tana share sawunta da reshe, tana waige-waige sai ka ce gwal ta binne. Ranar kasuwa kuma ta bi tiren mata tana leƙawa, ta ɗauki ƙwai ɗaya ta shinshina.

"Ke Remedios, wannan na ci ne ko na zuba wa kaji?"

Remedios sai ta kau da kai, don kowa ya san wanda ya tanka mata ya ɓata yininsa.

'Ya ɗaya gare ta, Hermelinda, wadda ta auri Nicanor, wani makiyayin awaki mai manyan kunnuwa da ƙarancin magana. Tun da aka ɗaura auren tsohuwar ba ta taɓa kiran sunansa ba, daga "mai awaki" sai "wancan". Wata rana Hermelinda ta yi ƙarfin hali ta ce, "Inna, ƙafarki ta fara ja. Ki nuna mana ko gida ɗaya ne mana."

"In nuna wa wa? Ke da tortiya, 'yar wainar masara, ke ƙonewa a hannunki, ko wancan da awakinsa suka fi shi dabara? Tururuwan nan hannuna kaɗai suka sani. Ranar da na daina hawa dutsen nan, ranar za su tashi, kowa ya huta."

Ba faɗa kawai take yi ba, har zuciyarta ta yarda da haka, kuma shi ne abin da ya riƙe ta a duniya.

To, gwiwa dai ba ruwanta da bakin kowa. Ta kumbura ta zaunar da tsohuwa a ƙofar ɗaki. Maris ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Nicanor kan dawo daga kiwo da ƙunshin eskamol a ganyen magey, hannuwansa duk sun yi ruɗu-ruɗu da cizo. Hermelinda ta soya da man shanu da albasa da ɗanyen barkono, ƙamshi ya cika gida. Tsohuwa ta naɗa a tortiya, ta tauna tana yatsina.

"Na ƙazamin hannu ne, ɗanɗanonsa ya nuna. Ko daga wane juji aka tono shi, oho. Da kun taɓa cin nawa da kun ji kunyar kawo mini wannan."

Ta faɗa, ta kuma suɗe kwanon tas.

A shekara ta uku ta ce a ɗora ta a jaki a kai ta dutse. Maƙwabta suka ce kai, tsohuwa ta yi laushi, za ta ba da gado. Ina! Kufai take son ta gani da idonta, ta dawo ta zauna a ƙofar ɗaki ta shaida wa gari cewa tururuwa sun bi bayanta.

Aka kama hanya, Nicanor na riƙe da igiya, Hermelinda na biye. Tsohuwa ta buɗe baki za ta ce a yi hagu, sai ta ga jaki ya riga ya yi. A mararraba ta gaba ma haka. Jakin nan bai tsaya ba sai a gindin wani babban magey, ya sunkuya yana cin ciyawa kamar wanda ya zo gida.

Ga rami a rufe da dutse, ga sabuwar ciyawa tana leƙowa, ga tururuwa baƙi ƙirin suna kai da kawowa, sun fi na zamaninta yawa.

"Wa ya taɓa mini nan?"

"Ni ne, Inna," in ji Nicanor.

"Ashe sawuna kake bi, ɓarawo."

"Wane sawu kuma? Tun ban yi gemu ba nake kiwo a nan. Ai duk gari an san wurin, har Remedios kan huta a inuwar can in ta zo itace. Ba a taɓawa ne kawai."

"Don me?"

Ya sosa kunne. "Don bakinki, Inna."

Hermelinda, wadda ta sha haƙuri har ya gundure ta, ta ƙara da cewa, "Wanda kike cewa na juji ne, daga ramin nan yake fitowa."

Tsohuwa ta ce a sauke ta. Ta ja jiki da ƙyar, ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ta miƙa hannu bakin ramin, hannun da ta ce shi kaɗai suka sani. Tururuwa suka hau suka gallara mata cizo, daidai yadda suke cizon ƙafar jakin da ke gefenta. Ta daɗe ba ta janye ba. Ta nemi abin rainawa a wurin nan ta rasa.

Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Dutsen a karkace yake."

Ta kama shi da hannu biyu za ta gyara, ya ƙi ko motsi. Nicanor ya ce, "To, Inna," ya ɗaga ta cak ya mayar kan jaki, ya bar dutsen yadda yake.