Shef Ɗan Jimma da mangazar da babu kome ciki

Shekara ashirin ke nan da rasuwar Shef Ɗan Jimma, kuma ba zan ɓoye muku ba, na daɗe ina ƙin mutumin nan kafin in so shi.

Shi ne shugabanmu a mangaza, wato ɗakin ajiyar buhuna, ta wani babban kamfanin sayen gyaɗa a Cadawa, ni kuwa lebura ne mai ɗaukar buhu. Da babban fari ya zo, gyaɗa ta mutu a gona, mangaza ta zama fili. Muka ji ana rufe rassan kamfanin ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka sallama sai ya tsallaka Najeriya, da yawa kuma ba su dawo ba. Ina da tsohuwa makauniya da mata mai ciki. In na tafi, wa zan bar wa su?

A wannan hali Shef ya kafa dokarsa: "Kada in ga kowa zamne." Da yunwa a cikinmu muke share mangazar, mu kakkaɓe tsofaffin buhuna, mu ɗinke su da basilla, mu jera. Gobe ya ce jerin bai yi ba, a kwashe a kai wancan lungu. Mun zage shi a ɓoye har muka gaji.

Wata rana na kasa haƙuri, na ce, "Ranka shi daɗe, mi muke sharewa? Ko ɓera ya bar wurin nan."

Ya ce, "Sharo, ɓera ba ya da iyali. Ɗauki tsintsiya."

Ba sanarwa sai ga darakta daga Yamai, ya zo duba rassan da za a rufe. A wasu wuraren ya tarar da ma'aikata kwance a gindin itacen bedi, rufin mangaza yana zubewa. Mu ya same mu a tsaye, buhuna a ɗinke. Da aka zo neman inda za a sauke hatsin taimako, tamu aka zaɓa. Ranar da motar farko ta tsaya, nauyin buhun da na saɓa ya fi mini kome daɗi. Ban tsallaka Najeriya ba. A hannuna tsohuwata ta cika, ni na raɗa wa ɗana suna.

Ɗan nan yanzu yana aiki a wani babban kamfani a Maraɗi. Shugabansu mai fara'a ne, yana kiran su 'yan'uwa, amma ta saƙon waya ake sallamar mutum. Da Shef ya ga haka, na san tsaki zai ja. Shi bai taɓa yi mana murmushi ba, bai kuma sallami ko mutum guda ba. Ba na cewa zafinsa duk daidai ne, ya sha ɓata mana rai a banza.

Ranar jana'izarsa jama'a suka zazzauna a bakin kabari ana jiran a gama rufewa. Na waiwaya, sai na ga mu tsofaffin leburorinsa duk muna tsaye, ba wanda ya ce wa wani. Allah ya ba shi hutun da ya hana mu.