Gyaran Baba Cipriano

Da safiyar Talata, tara ga watan Afrilu, na tarar da shagon burodinka a rufe, da baƙin ƙyalle ɗaure a ƙofa. Allah ya karɓi ranka, Baba Cipriano Barrientos, a ɗakinka na bayan shago a nan San Antonio, bayan doguwar jinya. Ba zan ɓoye ba, ajiyar zuciya na fara yi kafin hawaye su zo. Ciwon ya ci ka matuƙa, yanzu ka huta.

Ni Ofelia, tun ina 'yar makaranta nake sayen burodi a hannunka, yau ga ni da jikoki. A zamaninku dukan yaro ake yi in ya yi Sifaniyanci, harshenmu na gida, a aji, shi ya sa Turanci ya zauna maka a baki. Da shi kake ciniki, da shi kake faɗa. Amma akwai kalma ɗaya ta Sifaniyanci da ka ƙi saki. In ka gama zuba wa mutum abin da ya saya, sai ka ɗora ɗan burodi mai sukari a kai, ka ce da Turancinka, "Ga naki, ga kuma pilón." Gyara ke nan. Wani baƙo ya taɓa tambayarka me ake ce mata da Turanci. Ka ce, "Ɗana, ai da masu Turancin suna bayarwa da sun raɗa mata suna."

Shekarar da mijina ya rasa aiki, gyarana ya riƙa fin abin da na saya yawa. Ba ka taɓa ɗaga ido ka kalle ni ba, don kada in ji kunya.

Da ƙarfinka ya ƙare, shagon ya koma hannun Marlene, matar ɗanka Rubén, 'yar can arewacin ƙasar nan wadda ba ta jin Sifaniyanci ko na gaisuwa. Mace ce mai himma, amma komai sai ta ɗora a sikeli. Sau nawa muka ji ta tana cewa, "Baba, wai sana'a muke yi ko sadaka?" Kai kuwa ka ce, "'Yata, zuba dai."

Ranar da na zo duba ka na ƙarshe, ka kama hannuna ka ce, "Ofelia, ba tafiyar ce ke damuna ba. Tsorona kada a binne ni tare da pilón." Na ba ka haƙuri da baki kawai, don ni ma tsoron da nake ji ke nan.

Bayan jana'iza aka sake buɗe shago, na je ina jan ƙafa. Marlene ta auna, ta zuba, ta naɗe bakin takardar. Ba ta ɗora komai a kai ba. Har na juya, sai ta ce in dakata. Ta warware takardar, ta ɗora guda ɗaya a kai, idanunta jajur.

"Ga naki, Mama Ofelia," in ji ta, "ga kuma pilón."

Ta karya kalmar son ranta, amma ban taɓa jin ta da daɗi kamar ranar ba. Ka kwanta lafiya, Baba, ba a binne ku tare ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Rubén da Marlene da 'ya'yansu, Allah ya ba su haƙurin rashi. Kai kuma Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya cika maka mudun rahama, ya ɗora maka gyara a kai.