Ƙibar da Na Saya a Kwalba

Edita da masu karatu, ina yi muku sallama. Lokacin da wannan abu ya same ni, ni matar aure ce a Tanut, ina ɗinki a ƙofar ɗakina, ina da yara biyu maza da jaririya a baya. Tun ina yarinya a ƙauyenmu na wajen Gangara siririya ce ni, jikin mahaifina na ɗauko, kuma abin bai taɓa damuna ba. Maigidana direba ne, yana jigila tsakanin Damagaram da Agadas, bai rage mu da komai ba, bai kuma taɓa cewa uffan a kan jikina ba.

Haihuwar ta uku ce ta zo mini da wuya, na zubar da jini sosai. Na yi arba'in, na yi wata biyu, ƙarfina bai dawo ba. In na taka keken ɗinki kaɗan sai jiri ya ɗebe ni. A gidan likita suka ce jinina ya yi ƙasa, suka ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi na ƙarin jini, suka ce in daure in yi watanni ina sha, in riƙa cin wake da zogale da hanta in an samu. Na fara sha, amma suna tayar mini da zuciya, kuma ban ga wani canji a madubi ba, sai na ajiye su a kan taga.

Abin da ya fi rashin ƙarfin ciwo shi ne bakin mutane. A wani suna da muka je Belbeji, wata tsohuwa daga dangin maigida ta kama hannuna a gaban mata, ta tambaye ni ko hatsi ne ya ƙare a gidan ɗansu. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma na dawo gida da maganar a ƙirjina. Ba a daɗe ba labari ya kai wa Inna a ƙauye cewa na lalace, ta aiko tana tambaya ko wani abu nake ɓoye mata game da aurena. Wannan ne ya karya ni, ganin za a ɗora wa bawan Allah laifin da bai yi ba.

Yayata, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama kuma take aure a unguwar da ke bayan tamu, ita ta kawo mini kwalbar. Fara ce, da hoton ganye da 'ya'yan itace a jiki, rubutun kuma ba Faransanci ba ne balle a karanta mini. Ta ce bitamin ne, abinci ne kawai aka matse a ƙwaya, wata mata ke kawowa, kuma ita kanta tana sha. Na dube ta na ga kumatunta sun cika, fatarta tana sheƙi. Ban yi wata tambaya ba.

Gaskiya abin ya yi aiki, kuma wannan ne tarkon. Cikin ɗan lokaci cin abinci ya buɗe mini, in gama da tuwo in nemi fura, gajiyar nan ta tafi. Fuskata ta yi zagaye, na buɗe rigunana na ƙara musu faɗi. Matan da ke kawo ɗinki suka fara cewa yanzu ne na zama matar gida. Inna ta zo ta gan ni, ta yi ta sa wa maigida albarka. Kwalba ta ƙare na sayi wata, ta ƙare na ƙara, har na haura rabin shekara.

Daga nan jikina ya soma yi mini magana, ina toshe kunne. Ciki da wuya da fuska suna ƙaruwa, amma ƙafafuwa da hannuwa suna sirancewa. Wasu layuka masu faɗi suka tsage mini a ciki da cinyoyi. Ƙishirwa ba ta barina, fitsari kuma ba iyaka. In na yi sujada sai na dafa bango kafin in miƙe. Allurar keke ta soke ni a yatsa, ɗan ciwon da a da ba na ko kulawa da shi ya ƙi warkewa, ya kumbura ya tara ruwa. Maigida ya dawo daga tafiya ya ga yatsan, ya ga yadda nake tashi kamar tsohuwa, ya matsa mini da tambaya har na ɗauko masa kwalbar. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauke ta ya zazzage a masai, ya ce daga yau an gama. Ni ma na ji sanyi a raina, na ɗauka mun rabu da masifa ke nan.

Ashe nan ne za ta fara. Bayan 'yan kwanaki amai ya sarƙe ni, ko ruwa ba ya zama. Gaɓoɓina duk suna ciwo. Wata rana da hantsi na lallaɓa na zauna a kan keke don in ƙarasa kayan wata amarya, abin da na sani ke nan. An ce maƙwabciyata ce ta jiyo kukan jaririya ya ƙi tsayawa, ta leƙo ta same ni a ƙasa, jikina ya yi sanyi. A gidan likita na Tanut suka sa mini ƙarin ruwa, suka ga jinina ya faɗi ƙwarai, suka ce a wuce da ni Damagaram. Hanyar nan ban san an bi ta da ni ba.

Yayata ce ta ceci raina, ita da ta kawo mini abin. Da lokotoro, wato likitan da ya duba ni, ya tambayi ko ina shan wani magani, maigida ya ce bitamin ne kawai kuma na daina, sai ta buɗe jakarta ta miƙa tata kwalbar. Bayan sun duba, ya ce ba bitamin ba ne, ko kuma in akwai shi to an gauraya shi da wani magani mai ƙarfi da ake ba masu tsananin ciwo a ƙarƙashin kulawa. Ya ce kumburi ne da kitse mara amfani muke kira ƙiba, kuma wanda ya daɗe yana sha, jikinsa yakan dogara da shi, in ya yanke rana ɗaya yana iya mutuwa. Da na farfaɗo na ga maigida zaune a bakin gado, ya ce mini: “Maman yara, da hannuna na zubar da shi, ashe kabari nake haƙa miki.” Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Sai da suka mayar da ni kan maganin, suna rage shi sannu a hankali. Yayata ma haka aka yi mata, ita Allah ya taƙaita. Ta je wurin mai sayarwar, matar ta rantse cewa ita ma sari take yi, ba ta san abin da ke ciki ba, kuma na yarda da ita. Ni dai na fito da ciwon suga da har yau nake fama da shi. Jaririyata kuwa an kai ta ƙauye wurin Inna, aka yaye ta da kunu da nonon akuya ba shiri. Ranar da na je ɗaukarta, na miƙa hannu ta juya ta ƙanƙame Inna tana kuka. Duk abin da na sha a gadon likita bai kai wannan zafi ba.

'Yan'uwana mata, ban ce duk ƙwayar ƙarin lafiya cuta ce ba. Akwai ta gaskiya, wadda ake ba mai ciki da mai jego da yaro bayan an duba an ga abin da jikinsu ya rasa, kuma ita ba ta gaggawa. Amma duk abin da aka ce zai cika miki jiki cikin ɗan lokaci, ki ji tsoronsa ko uwarki ce ta miƙo miki. In kuma kin riga kin daɗe kina sha, kada ki yanke da kanki, ki ɗauki kwalbar ki kai gidan likita a nuna miki yadda za ki rabu da ita.

Yanzu na koma siririyata. Akwai wani hoto da muka ɗauka da sallah a wancan lokaci, yana rataye a ɗakin Inna ta ƙi a cire. Har yau in baƙi suka gan shi sukan ce lokacin nan na fi kyau. Ni kuwa na san cewa matar da ke murmushi a hoton nan ba ta da lafiya ko kaɗan.