Takardar Ƙosai

Daminar bara ta yi albarka, ko'ina a Unguwar Shanu sai ƙamshin gasasshiyar masara. A lokacin ne 'yata Hauwa ta samu gurbin karatun tarihi a Zariya, babanta kuwa ya kafe sai dai ta koyi ɗinki.

Ana cikin haka na sayo ƙosai a yankin jarida, sai na tuna marigayiya surukata. Ba ta iya karatu ba, amma da na shiga ajin yaƙi da jahilci, kullum takan shimfiɗa takardar ƙosai a cinyarta, duk mai ya jiƙa ta, ta ce, "Karanta mini, 'yar nan."

Ran nan ina karanta mata, mijina ya ce, "Inna, me labarin wata ƙasa zai ƙara miki? Gara surukarki ta koyi yin sabulu."

Ta ce, "Kai da ka iya gyaran mota, ka san akwai garin da rana kan yi watanni ba ta faɗi ba? To, ni yau na sani!"

Na tuna masa wannan a hankali. Sai ya ce, "A bar ta ta je."

Allah ya haskaka kabarin Inna. Washegari ni da kaina na raka Hauwa tashar Kawo, akwatinta a kaina.