Mai Sauraron Inji da Haƙori

Da karambanina na murɗa kafiretar 'yar motata don ta ƙara gudu, sai ga mai keke ya wuce ni a hanyar Malumfashi, har yana yi mini sannu. Haka na lallaɓa da ita bakin tashar Funtua, wurin wani bakanike, Baba Enoch.

Dattijo ne siriri, rigarsa ta sha baƙin mai, kunnensa ya yi nauyi. Ina zaton ƙarar injinan gurzar auduga ce ta cinye masa ji tun yana saurayi. Direbobi sun fara gudunsa, wai kurma ba ya iya saita inji. Shi kuwa sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya ciji ƙotar, ya lumshe ido. Yana juya ɗan noti a hankali, kamar mai cire wa jikansa ƙaya, har tarin motar ya lafa.

Na kai baki kunnensa na ce, "Baba, tunda ta saurare ka, a ƙara mata gudu mana."

Ya zare sukudireba daga bakinsa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Alhaji, ni na gama nawa. Saura kai ka rage tuwo."