Hayaƙin da Awudu Ya Shaƙa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Awudu, abokin zamana a unguwar Fereej Abdel Aziz, nan ƙasar da muka zo ci-rani. Ban sallace shi ba, kabarinsa da ke Kumasi kuwa har yau ban taka ba. Saƙon ya same ni ina tsakiyar lodin akwatuna a filin jirgi. Na karanta, na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da lodi, don jirgi ba ya jiran mai makoki.

Awudu ɗan Zangon Kumasi ne, ni kuwa Bazazzagi. Mu huɗu ne a ɗakin, amma mu biyu kaɗai ke jin Hausa. Nakan yi masa dariya in ya ce “matata ya kira ni,” shi kuma ya ce Hausata ta cika iyayi. Ɗan kwana-kwana ne a wani kamfani mai kula da rumbunan kaya a Sanaiya, unguwar masana'antu, bayan shekarun da ya yi yana wannan aiki a gida. Duk ranar da aka yi gobara, tun daga bakin ƙofa hancina ke ba ni labari. Zai yi wanka ya sake, amma ƙaurin ƙonanniyar taya da fenti na nan a gashinsa. In ya fyace hanci, baƙi ƙirin. Mukan yi raha a kai. Ba mu san jiki na tara abin ba.

Tari ya fara, muka ce sanyin na'urar ɗaki ne. Na dafa masa citta da kanumfari. Sai rama ta biyo baya, sai jini a kaki. Likita ya ce ciwon dajin huhu ne, ya tambaye shi shekara nawa ya yi yana shan taba. Awudu bai taɓa sa kara a bakinsa ba.

Ni na raka shi ofishin kamfanin, don a lokacin hawa bene ya fara gagararsa. Kafin nan wani abokin aikinsa ya ƙone a hannu, an yi masa magani, an biya shi diyya, kuma haƙƙinsa ne. Manajan ya saurare mu cikin mutunci, sannan ya ce ƙuna kowa na ganinta, amma daji ciwo ne da ke kama kowa, har malamin makaranta. Sai an nuna masa gobarar da ta jawo shi. In babu, khalas, magana ta ƙare.

Muka kamo hanyar dawowa. Can Awudu ya ce, “Sale, wane gobara zan nuna masa? Duka na shaƙa.”

Ni ba lauya ba ne, ban san ko akwai wata ƙofar da ya kamata mu ƙwanƙwasa ba. Shi kuma ƙarfinsa ya ƙare, burinsa kawai ya ga matarsa Hajara da ’ya’yansu. Aka sallame shi, aka ba shi tikiti. Ni da kaina na sa akwatinsa a cikin jirgin. Ba shi da wani nauyi.

Bara, bayan sallar Juma'a, wani ɗalibi ɗan Kano da ke nazarin lafiyar ma'aikata ya gaya mini cewa a wasu ƙasashe an juya maganar. In ɗan kwana-kwana ya daɗe a aiki, sannan wasu nau'o'in daji suka kama shi, doka na ɗauka aikin ne sila. Mai kamfani ne zai kawo hujjar cewa ba haka ba ne, ba marar lafiya ba. A yi masa magani, in ya rasu a biya iyalansa. Na tsaya riƙe da takalmana a ƙofar masallaci, na rasa wanda zan kai wa wannan labari.

Me Awudu zai ce da ya ji? Na san ba zai yi ɗaci ba, ba halinsa ba ne. Zai ce alhamdulillahi, sannan ya tambaya ko dokar za ta iso Sanaiya, ko za ta kai Kumasi da Zariya. Zai tambaya ko matasan da ya bari har yanzu suna cire abin rufe fuska da zarar harshen wuta ya mutu, su shiga tonon toka da huhunsu a buɗe, kamar yadda ya yi shekara da shekaru saboda zafi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. To amma sai an yarda wuta ce ta ci gemun.

Yanzu wani ɗan Nepal ne a gadonsa, mutumin kirki, sai dai gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu. Nakan yi sati ban furta Hausa da kowa ba. Hajara na sayar da koko a Zango, da shi take riƙe yara. Takan kira ni duk Sallah, kuma ba ta taɓa tambayata ko kamfanin ya ce wani abu ba. Da ma ta tambaya, da ya fi mini sauƙi.

Awudu bai bar wa iyalansa gida ba, bai bar musu fili ba. Amma a garin nan akwai makanikai da masu gadi da ya fito da su daga cikin wuta a kafaɗarsa. Wasu sun koma ƙasashensu sun aurar da ’ya’ya, wasu na nan suna ta yalla-yalla, gaggawar fita aiki da sassafe, ba su ko san sunansa ba. Ya ba su numfashi, ya biya da nasa. Allah Ya sanyaya makwancinka, Awudu, Ya biya ka abin da ba mu iya karɓo maka ba.